HUANGPU: ƘAUYEN BAKIN KOGI DA SUNANSA YA YI ƘAURA YA BAR SHI

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sarin tufafi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ko daga Kano ya fito, ko Maraɗi, ko Kumasi, da wuya a ce bai san Baima ba. Ita ce babbar kasuwar tufafin nan mai hawa-hawa da ke daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta birnin, wadda aka buɗe a shekarar 1993. Ma'anar sunanta da Sinanci kuwa ita ce "farin doki". Fatakenmu sukan yi kwana da kwanaki suna kai da kawowa tsakanin Baima da masaukansu na Xiaobei ko Sanyuanli, su yi ciniki, su ɗaure kaya, su biya kuɗin kwantena, sa'an nan su kamo hanyar gida, ba su ga kome na ƙasar ba sai shaguna da fitilu.

To, kimanin kilomita 20 gabas da wannan kasuwa akwai wani ɗan ƙauye a bakin kogi, sunansa Huangpu. Wanda ya gan shi yau, da 'yan lungunansa da kwale-kwalen masunta, ba zai yi tsammanin yana da wani labari ba. Amma shekara 85 cur, duk jirgin ruwan Turawan Yamma da ya zo ciniki ƙasar Sin, a gaban wannan ƙauye doka ta ce ya tsaya. Cikin wannan jawabi za mu duba inda ƙauyen yake, da irin mutanen da ya haifa, da dalilin ɗaukakarsa da na komawarsa baya, da kuma abin da baƙo zai tarar in ya je.

Ƙasa da ruwa

Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, shi ne babban birnin lardin Guangdong da ke kudancin Sin. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 18. Yana zaune ne a kan Kogin Lu'ulu'u, watau Zhujiang, wanda in an zo ga yawan ruwa, Yangtze kaɗai ya fi shi a duk ƙasar. Manyan koguna uku ne, na Yamma da na Arewa da na Gabas, suka gangaro daga duwatsu suka haɗu a nan, suka rarrabu rassa-rassa kamar yatsun hannu kafin su faɗa teku a tsakanin Hong Kong da Makau. Tsakanin rassan nan akwai tsibirai da fadamu waɗanda lakar kogi ta gina sannu a hankali. Huangpu yana gefen gabas na ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Pazhou, cikin gundumar Haizhu.

Abubuwa biyu ne suke mulkin rayuwa a wannan wuri. Na farko shi ne ruwan sama. Damina takan kama daga watan Afrilu har zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya kai kusan ninki biyu na abin da Kano take samu. Da zafi ga gumi, ga guguwar teku da takan buso lokaci-lokaci. Sanyin hunturu kuwa mai sauƙi ne. Na biyu shi ne tashin teku. Ko da yake ƙauyen yana da nisa da bakin teku, sau biyu a kwana guda ruwan kogin yakan cika ya kawo, sa'an nan ya janye ya bar taɓo. Masu jirgi na dā sun san lokutan nan kamar yadda manomi ya san taurarin damina, don da su suke shiga, da su suke fita.

An kafa ƙauyen tun zamanin daular Song, watau shekara wajen dubu ke nan. Sunansa na fari Fengpu, domin tatsuniyar mutanen wurin ta ce waɗansu tsuntsaye biyu na almara, masu kawo albarka, sun taɓa sauka a gaɓar. Har yanzu ana ganin tsohon sunan a rubuce bisa ƙofar ƙauyen. Matuƙan Turawa kuwa, da suka ji yadda mutanen lardin suke furta Huangpu da harshensu na Kantonanci, sai suka riƙa rubuta shi Whampoa, kuma da wannan suna ya shiga taswirorin duniya. Kada mai karatu ya rikita shi da kogin Huangpu na birnin Shanghai. Suna ne kawai ya zo ɗaya a rubutun boko.

Zangon jiragen duniya

A shekarar 1685 Sarkin Sin Kangxi ya kafa hukumar kwastan ta Guangdong, aka kuma sa ofishin rajistar jirage a Huangpu. A 1757 jikansa, Sarki Qianlong, ya ba da umurni cewa Turawan Yamma ba za su yi ciniki ta ruwa a ko'ina ba sai a Guangzhou. Manyan jiragen katako na wancan zamani ba su iya isa gindin birnin, saboda kogin ba shi da zurfi daga nan zuwa sama, hukuma kuma ba ta son igwoyinsu kusa da ganuwa. Saboda haka sai a tsayar da su a Huangpu, wajen mil 12 daga birni. Littafin tarihin kwastan na lardin ya ƙidaya jiragen baƙi fiye da 5,000 da suka tsaya nan tsakanin 1758 da 1837.

Yadda aka tsara cinikin ba zai zama baƙo ga wanda ya san fataucin goro na kakanninmu ba. A Salaga ta ƙasar Gonja, in ayari ya iso, madugu yakan sauka wurin mai gida, shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masu saye, ya kuma tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. Haka a Guangzhou. Jirgi yakan ɗauki jagora a Makau, ya wuce ta mashigin Humen inda ake da igwoyin tsaro, ya zo Huangpu ya saki anka. Ma'aikatan kwastan su zo su auna tsawonsa da faɗinsa, a yanka masa kuɗin fito. Ba za a sauke ko ƙunshi ɗaya ba sai wani daga cikin 'yan attajiran da hukuma ta ba izini ya yarda ya tsaya wa jirgin. Shi ke da alhakin harajinsa, in ma wani matuƙi ya sha giya ya yi ɓarna, shi za a tuhuma. Ban da shi akwai tafinta, akwai kuma mai sayo wa jirgin abinci. Daga nan sai a riƙa jidar kaya cikin ƙananan jirage zuwa gidajen ciniki goma sha uku da ke bakin kogi a wajen ganuwar birni. Mafi shahara cikin attajiran nan, Wu Bingjian, wanda Turawa suke kira Howqua, an ƙiyasta dukiyarsa a 1834 ta kai dalar azurfa miliyan 26.

Iska ce take yanka wa jiragen lokaci. Da iskar kudu maso yamma ta damina suke zuwa, da ta arewa maso gabas ta hunturu suke komawa. Wannan ya sa jirgi yakan yi wata uku, ko huɗu, ko fiye, yana tsaye. Shugabannin jirgi da wakilan kamfani su tafi birni, su bar ɗaruruwan matuƙa a Huangpu. Su kuwa dole su ci, su sha, a wanke musu tufafi, a gyara musu jirgi. Nan arzikin ƙauyen ya fito: masassaƙa, da maƙera, da masu fenti, da masu kiwon agwagi, da mata masu wanki cikin kwale-kwale, kowa ya sami abin yi. Waɗanda zazzaɓi ya kashe daga cikin baƙin kuwa, a tsibiran da ke kusa aka binne su, kaburburansu suna nan a tsibirin Changzhou.

Abin da baƙin suke nema shi ne ganyen shayi, da alharini, da tangaran. Jirgin Suwidin mai suna Götheborg ya yi sawu uku. A dawowarsa ta uku, cikin watan Satumba na 1745, ya daki dutse ya nutse a bakin tashar garinsu, gida na ganinsa. Jirgin Amurka na farko da ya zo Sin, Empress of China, ya bar New York ran 22 ga Fabrairu 1784, ya iso Huangpu cikin watan Agusta, ɗauke da wata saiwar magani da Sinawa suke daraja ƙwarai.

Hannun Bengal cikin labarin

Matsalar Turawa ita ce, Sinawa ba su da wata bukata mai yawa ga kayansu, sai dai azurfa. Ingilishi suka samo mafita a Indiya. A filayen kogin Ganges, wajen Patna da Benares, Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila ya sa manoma noman tsiron da ake samun ofiyom daga ƙaronsa, watau wani mugun abin maye mai kama mutum ya hana shi sakat. A yi gwanjonsa a Kalkata ta ƙasar Bengal, 'yan kasuwa su saya su yi fasa-ƙwaurinsa zuwa Sin, inda doka ta haramta shi. Da yawa daga matuƙan jiragen da ke tasowa daga Indiya talakawan Bengal ne, 'ya'yan ƙauyukan bakin kogi irin Huangpu, kuma akwai Musulmi da dama cikinsu. Har zuwa 1821 a Huangpu ake sauke wannan kaya a ɓoye. Da hukuma ta matsa, sai masu shi suka koma tsibirin Lintin a bakin teku.

A 1839 Sarki ya aiko da wani babban ma'aikaci, Lin Zexu, ya ƙwace akwati wajen 20,000 na ofiyom, ya lalata su a Humen. Ingila ta mai da martani da yaƙi, ta kuwa yi nasara. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta ba ta tsibirin Hong Kong, ta kuma buɗe tashoshi biyar ga baƙi: Guangzhou, da Xiamen, da Fuzhou, da Ningbo, da Shanghai. Daga ranar nan Huangpu ya daina zama ƙofa ɗaya tilo, ciniki ya fara gangarawa Shanghai da Hong Kong.

Abin da yaƙi ya rage, kogi ya ƙarasa. Lakar da ta gina tsibirin ita ce ta riƙa cike mashigin da jirage suke tsayawa, ga shi kuma jirage masu tururi sun fi na dā girma. A zamanin Sarki Tongzhi, wanda ya yi mulki daga 1862 zuwa 1874 bisa lissafin shekarun sarautarsa, aka ɗauke ofishin kwastan aka mai da shi tsibirin Changzhou, amma aka tafi da sunan Huangpu, domin shi duniya ta sani. Makarantar horon hafsoshin soja da Sun Yat-sen ya kafa a can a 1924, wadda Chiang Kai-shek ya shugabanta, ita ma da sunan Whampoa ta shahara. Daga baya sabuwar tashar jiragen ruwa da wata gunduma sukutum a arewacin kogin suka ɗauki sunan. Mai sunan na asali kuwa ya koma noma da su.

Mutanen ƙauyen

Zuri'a huɗu ne manyan 'yan ƙasa a Huangpu: Feng, da Liang, da Hu, da Luo. Kowace tana da zaurukan kakanni, inda ake ajiye littafin asali, a yi taron dangi, a dā kuma a koya wa yara karatu. Sama da goma daga cikin zaurukan nan suna tsaye har yanzu, da tubalinsu mai ruwan toka da sassaƙar katako. Zama da baƙi ya buɗe wa 'ya'yan ƙauyen ido tun da wuri, shi ya sa ɗan wuri kamar wannan ya fitar da mutanen da suka yi suna a nesa.

Alal misali Hu Xuanze, wanda aka haifa a 1816, ya tafi Singafo yana ɗan shekara 14 ya taya mahaifinsa sayar wa jiragen ruwa abinci. Ya yi arziki, ya iya Ingilishi, har Turawa suka daina kiransa da sunansa, sai da sunan ƙauyensu, Whampoa. A 1877 ya zama ƙaramin jakadan Sin na farko a Singafo, ya kuma riƙe wa Rasha da Japan irin wannan muƙami. Ya rasu a 1880, aka kawo gawarsa gida. Wata unguwa a Singafo tana amsa sunan Whampoa har gobe.

Sai Liang Cheng, wanda aka haifa a 1864. Yana cikin yaran da gwamnati ta aika Amurka karatu a 1875, ya kuma koma can a matsayin jakadan ƙasarsa daga 1903 zuwa 1907. A lokacin an ɗora wa Sin biyan diyya mai nauyi ga ƙasashen waje saboda tawayen da aka yi wa baƙi a 1900. Liang Cheng ya yi ta bin manyan Amurka yana nuna musu cewa abin da aka yanka musu ya zarce asarar da suka yi. A 1908 majalisar Amurka ta yarda a mayar da rarar, aka sa kuɗin cikin ilimi. Da su aka kafa makarantar Tsinghua a Beijing a 1911, wadda ta zama ɗaya daga manyan jami'o'in duniya. Daga zuri'ar Liang ɗin nan har wa yau aka sami Liang Jingguo, ɗaya daga attajiran da ke tsaya wa jiragen baƙi.

Akwai kuma waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Mutanen ruwa, da ake kira Tanka, a cikin jirgi ake haihuwarsu, a ciki suke aure, a ciki suke tsufa, mutanen tudu kuwa suna raina su. Su ne masu fito da masu kamun kifi, irin aikin da Sarkawa suke yi a kogin Kwara. Daga shekarun 1950 gwamnati ta riƙa gina musu gidaje a tudu. Cikin ƙauyen kuma akwai wani gida da ake kira gidan gwaggwanni, inda waɗansu mata da suka ɗaure gashinsu da kansu, suka yi alkawarin ba za su yi aure ba, suke zama tare suna ci da guminsu. Al'ada ce da ta yaɗu a wannan yanki sa'ad da sana'ar alharini ta ba mata abin hannunsu, ta kuma shuɗe da zamaninta.

Yau 'yan asalin wurin suna magana da Kantonanci, amma sun sami maƙwabta masu yawa daga sauran lardunan Sin, 'yan ci-rani da ke hayar ɗakuna saboda sun fi na tsakiyar birni araha. Kuɗin haya da cinikin baƙi sun maye gurbin gona.

Abin da baƙo zai gani

Maganin da ya farfaɗo da ƙauyen daga Suwidin ya zo. Mutanen can sun sassaƙa sabon Götheborg irin na dā, ya taso a watan Oktoba na 2005, ya iso Guangzhou a watan Yuli na 2006, Sarki Carl Gustaf da Sarauniya Silvia suna cikin masu bikin isowarsa. Domin wannan biki hukumar birnin ta gyara tsohuwar tashar, ta sake gina ofishin kwastan bisa siffarsa ta dā, ta mai da shi gidan tarihi. Tun daga nan mutanen birni suka gane hanya, ranakun hutu lungunan sukan cika maƙil.

Daga Baima zuwa can ba wuya. Mutum ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 2 a tashar da ke kusa da kasuwar, ya sauya zuwa layi na 8 a Changgang, ya sauka a Wanshengwei, sa'an nan ya ƙarasa da bas ko tasi. A hanya zai wuce makeken filin baje kolin Kanton, wanda aka fara a 1957, ake kuma yi sau biyu a shekara. Tun 2008 a Pazhou ake yinsa gaba ɗaya. Zai kuma hangi hasumiyar Pazhou mai kusurwa takwas, wadda aka gama a 1600, wadda matuƙan dā in sun hango ta suka san tafiya ta zo ƙarshe. Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne daga Oktoba zuwa Disamba, bayan ruwa ya ɗauke.

A bakin ruwa akwai manyan itatuwa 'yan'uwan ceɗiya, tsofaffi na hutawa a inuwarsu, mata suna shanya kifi, ƙaramin jirgin fito yana kai mutane ƙetare. Ciki kuwa ga tafkuna a gaban zaurukan kakanni, ga gidaje masu bango mai tozo biyu kamar kunnuwan tukunya. Abincin da aka san wurin da shi ya haɗa da madara mai zafi da ake zubawa kan ruwan citta ta daskare nan take, da ƙwai soyayye mai laushi da ake kira ƙwan Huangpu, da kunun shinkafa mai kifi irin na mutanen ruwa. Musulmi dai ya yi tambaya kafin ya ci, domin akan sa naman alade ko kitsensa cikin girki da yawa, har da kunun nan. Wanda ya dace da rana ta biyar ga wata na biyar na kalandar Sinawa, wajen watan Yuni, zai ga bikin dogayen jirage masu kan dodo. Ƙauyukan yankin sukan tono jiragensu daga cikin taɓo inda suka binne su don kada katakon ya fashe, su yi musu ado, su riƙa kai wa juna ziyara da ganguna. Wanda ya taɓa ganin Rigata a Yawuri zai ji kamar yana gida.

Riba da hasara

Yawon buɗe ido ya kawo kuɗi, ya kuma kawo nasa ciwon kai. Tsofaffin gidaje da dama sun koma shagunan tsaraba, dogayen benaye na haya sun tsaya kafaɗa da kafaɗa da zaurukan kakanni, manyan hanyoyin mota sun kewaye wurin. Duk da haka Huangpu ya yi sa'a in an gwada shi da maƙwabcinsa, ƙauyen Pazhou, wanda aka rushe cikin shekarun 2010 aka gina dogayen benaye a gurbinsa. Tarihinsa ne ya cece shi, domin hukuma ta ga akwai abin nunawa.

A nan akwai abin lura gare mu. Garin Argungu ya san amfanin kogi da tarihi: bikin kamun kifinsa a Matan Fada, wanda aka fara a 1934 don karɓar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016. Amma biki irin wannan ba ya yiwuwa sai kogi yana da ruwa, kuma yashi da madatsun ruwa suna iya yi wa kogunanmu abin da laka ta yi wa Huangpu. Haka kuma ganuwar Kano, da marinar Ƙofar Mata, da tsofaffin zangunan fatake, in an bari sun rushe ba za a sami abin nuna wa jikoki ba, balle baƙi.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya gama sari a Baima, yana jiran a loda masa kaya, ya ware rabin yini ya je Huangpu. Zai ga inda waɗansu fatake suka riga shi zama jiran kaya da jiran iska, a hannun mai gida da tafinta, shekara 200 da suka wuce. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.